Yadda Mai Dami Ya Koyi Saukowa da Baya

Jikata Rahila da abokanta sun taru a tsakar gidana kwanan baya, kowa da kwamfuta a cinya, wai za su ƙera wasan waya. Na ji ɗayansu, wani dogo mai tabarau, yana cewa matakala ba aiki ba ce, a bar ta sai ƙarshe, ai zane ne kawai, mutum ya danna ya hau. Ni ina gefe ina tankaɗe. Da suka watse na ce wa Rahila ta ɗauko biro. Ni ban yi boko ba, ita za ta rubuta, kuma na gargaɗe ta kada ta gyara mini magana. Ta kai wa mai tabarau ya karanta.

Shagon gem, wasan da yara ke yi a talabijin, na riƙe a Rikoto, tun farkon shekarun dubu biyu, lokacin da waya ba ta shiga hannun kowane yaro ba. Mijina soja ne. Shi ya dawo daga Legas da akwatin gem da talabijin don yaranmu, kuma bayan ya rasu yaran unguwa ba su daina cika mini ɗaki ba. Da na gaji da share ƙasar ƙafafunsu a banza, sai na kama shago a jerin shagunan wani Alhaji mutumin Jega, na ƙaro akwatuna na gwanjo, na sa benci. Sunana Saratu, amma tun daga ranar babu mai kirana sai Maman Gem, har a coci.

Fad na farko da na buɗe da hannuna, a rumfar Malam Garba mai gyaran rediyo na buɗe shi. Fad shi ne abin da yaro ke riƙewa yana dannawa. A hagunsa akwai madanni mai siffar gicciye, sama da ƙasa da gaba da baya, a damansa kuma na tsalle da na duka. Na kai masa ne ya gyara, sai ya ƙi karɓa. Ya ce, "Maman Gem, wanga abu kullum lalacewa za shi yi. In na tafi Argungu biki, wa za ki kai ma? Zauna." Ya miƙo mini ƙaramin sukundireba, ya nuna mini robar da ke ƙarƙashin gicciyen, mai baƙaƙen ɗigo. Gumin yara da man ƙuli-ƙuli su ke kashe ta. A goge da auduga da sifirit. In ɗigon ya suɗe, a goga masa fensir har ya yi ƙyalli. In robar ta tsage, a yanko tsohon tib na keke da reza a yi mata maho. In waya ta tsinke daga ciki, a sa ƙarfen dalma a garwashi. Na ƙona yatsa, na zubar da sukurori cikin yashi, amma bai taɓa ƙwace aikin daga hannuna ba, sai dai ya ce, "Sake." Fensir na farko da na riƙe a rayuwata ba rubutu na yi da shi ba. Allah ya ji ƙan Malam Garba.

Gyara rabin aikin ne. Kujerata ba ta fuskantar talabijin; a gefen akwatunan take, tana fuskantar yara. Mai rigar makaranta da safe, waje. Mai warin taba, waje. Mai zagin uwa, waje. Wanda ya buga mini fad da ƙasa, sai ya zo da ubansa. Haka shekaru suka yi ta tafiya ina kallon hannu, ba allo ba. Har yau ban iya gem ba. Amma in na ga babban yatsan yaro ya yi fari a kan madanni, kafaɗarsa ta ɗaga, na san ya kusa faɗuwa, na kuma san fad ɗina na cikin haɗari.

Masu zuwa shagon iri biyu ne. Akwai 'yan bariki, ɗiyan sojoji, waɗanda suka zauna Kaduna da Legas da wuraren da ban san sunansu ba. Akwai kuma namu na gida, daga Dabai da ƙauyukan kan dutse, wasu har daga Sakaba in ranar kasuwa ce. Waɗannan na biyun su ne suka fi yawa, su ne kuma ba sa gudun mutum.

Shekarar da ta kusa gama da ni, tsawa ce ta faɗi da rana tsaka a tsakiyar damina, a kan turken wuta da ke bayan shagon. Ba wanda ya ji ciwo, na gode wa Allah. Amma akwatuna da talabijin duk sun ƙone, sai warin roba. Malam Garba ya buɗe su ɗaya bayan ɗaya yana girgiza kai. Abin da ya tsira kwalin fad ne da ke ƙarƙashin kujerata. A daidai lokacin kuma wasu samari suka buɗe sabon shago a bakin tasha, da injina masu wasan ƙwallo, 'yan bariki duk suka koma can.

Alhaji mai shago ya zo ya tsaya a bakin ƙofa. Shagonsa na tireda yana jikin nawa, kuma yarana ne masu sayen alewarsa da biskit da ruwan leda. Ya ce, "Maman Gem, ba na son in ɓata miki, amma shago rufe yana kashe na kusa da shi. Akwai tela yana so. Ga hutun makaranta ya zo. In aka koma makaranta bencin nan bai cika ba, sai haƙuri." Ban ga laifinsa ba. Na ce na ji.

A nan ƙanin mijina ya shigo maganar, Kofur Ishaya. Sojan sigina ne, masu aikin na'urorin sadarwa, ya bar aiki da gwiwa guda da ba ta lanƙwasuwa, da wata tsohuwar kwamfuta da ya saya a gwanjo. Tun da ya dawo yake zaune a gabanta yana ƙera wani wasa nasa, dangi suna cewa gwiwar ta hau masa kai. Ya ɗauko ta a baro ya kawo shagon.

"Matarmu," ya ce, "kin daɗe kina cewa ni ba ni da amfani. Yau ga amfanina a baro."

"Kofur, in abin kunya ka kawo mini, a baron nan zan mayar da kai."

Ya kunna ta, ya jona mata fad ɗina. Wasan nasa na wani manomi ne da damin dawa a kafaɗa. Yana tafiya daga hagun allo zuwa dama, kana ganinsa ta gefe kamar mai wucewa a bakin hanya. Birai na binsa suna son damin, shi kuma yana da sanda. Yana tsallake rami, yana haye rafi, yana hawa dutse yana sauka, har ya kai gida. Yara suka sa masa suna Mai Dami tun ranar farko, suka yi ta dariya don ya yi kama da kawun kowa. Har aka isa matakala.

Matakalar farko ta hawa ce, a karkace, daga hanya zuwa kan dutse. Yadda Kofur ya tsara, sai ka tsaya daidai gindinta ka danna sama da gaba a lokaci guda. A kan madannan kwamfutarsa abin na tafiya lafiya. A kan fad ɗina masu mahon tib, in ka danna kusurwa, ɗaya ke kamawa, ɗaya ta ƙi. Mai Dami sai ya wuce ta gaban matakalar kamar bai gan ta ba. Na faɗa masa. Bai yi gardama ba, ya ce, "To, a cire saman. Duk wanda ya danna gaba, ya hau." Ya gyara. Sai kuma ya zama babu mai iya wucewa ta ƙarƙashi, alhali a can ya ajiye rijiyar da Mai Dami ke shan ruwa ya samu ƙarfi. Kowa na isowa sai matakala ta ɗauke shi, yana so ko ba ya so.

To, mai tabarau, ka fara gani? Mutum ya iso gindin matakala, hannu ya danna gaba. Hawa yake nufi ko wucewa? Yana tsakiya ya saki fad don ya sosa kai: ya tsaya ko ya zamo? Ya yi tsalle a kai: ya dira a matakalar ko ya zurma ta cikinta? Biri ya ture shi: ya faɗo da damin ko ya riƙe? Kowace ɗaya sai da muka zauna a kanta. Kofur yana gyarawa da safe kafin yara su zo, ni ina kallon hannu da rana, da la'asar in ba shi labari. A ƙarshe muka tsaya a kan cewa sama kaɗai ke kama matakala, kuma ba sai ka tsaya daidai ba, ko ka ɗan gota za ta karɓe ka. In ka riga ka hau, sama ko gaba duk hawa ne. In ka saki, ka tsaya cak. Hawa ya gyaru. Benci ya fara ɗumi.

Saukowa ce ta kusa rufe mini shago. Bayan dutsen akwai doguwar matakala mai tsayi da ke gangarawa dama, birai kuma suna biye a baya. 'Yan barikin da suka leƙo don su yi mana dariya, suna isowa sai su danna ƙasa ko gaba, su gangara, su wuce, su ce wasan yara ne, su koma tasha. Namu na gida kuwa duk a nan suke mutuwa. Mai Dami ya zo bakin matakala, ya yi wani abu kamar ya fasa, ya durƙusa, birai su rufe shi su tafi da dawar.

Wanda abin ya fi ci wa rai Audu ne, ɗan kabu-kabu mutumin Dabai, magidanci da 'ya'yansa, wanda ke ajiye babur a inuwar shagon in rana ta yi zafi. Shi yara ke bi. In ya ce abu na da kyau, yana da kyau. Ranar da birai suka kwashe masa dami har ya gaji, ya ajiye fad a hankali, don ya san dokata, ya ce, "Mama, mutumin nan naku wawa ne. Ina ce masa sauka, yana tsuguno kamar mai ciwon ciki."

Kofur ya ce, "Audu, ai kai ne kake ce masa ya tsuguna. Danna ƙasa kawai a bakin matakalar."

"Ƙasan na danna, Kofur."

"Ba ka danna daidai ba."

"To, ka zauna da abinka, kai da ka iya." Ya tashi babur ya nufi tasha, yara suka bi shi da ido, wasu da ƙafa.

Da la'asar na ce wa Kofur ƙasan yake dannawa, amma ba ita yake fara dannawa ba. Kafin ƙasa, yatsansa na taɓa baya, taɓi ɗaya, da sauri. Kuma ba shi kaɗai ba, duk 'yan Dabai haka, har 'yan mata. Kofur ya duba abinsa ya ce lallai in aka taɓa baya, Mai Dami na juyawa ya yi taku guda, ya bar bakin matakala, daga nan ƙasa ba sauka ba ce, durƙuso ce. Ya ce ko fad ne ke kama baya da kansa. Na buɗe su duka na goge, na sake fensir, na ba yara mafi lafiya a ciki. Haka dai. Na koma tsawa: "Kada ka taɓa baya!" Yaro ya ce to, Mama, ya iso wurin, yatsa ya taɓa baya. Na tambaye su me ya sa, suka rantse ba su taɓa ba. Har ɗigon jan fenti na sa a kan madannin ƙasa. Babu abin da ya canza, sai bencin da ke ƙara yin fili. Hutu ya ja ƙarshe. Na ga tela ya zo da igiyar awo yana gwada faɗin ƙofata, yana gaishe ni da ladabi.

Ranar wata Asabar muka tafi Dabai ni da Kofur, gidan iyayen mijina, ɗebo dawa. Rumbun marigayi na nan, kuma tun da gwiwar Kofur ta ƙi, ni ke hawa shi yana riƙe tsani. Tsanin irin namu ne, itace guda mai reshe biyu a sama, an sassara masa wurin sa ƙafa. Na shiga na cika kwando, na fito bakin rumbu, na gyara zane zan sauko. Sai ya daka mini tsawa irin ta bariki.

"Tsaya! Kada ki motsa!"

Na daskare. Na ɗauka maciji ne. "Ina yake? Kofur, ina yake?"

"Wa?"

"Macijin!"

"Ba maciji. Matarmu, ina kika sa gabanki?"

Na duba. Gabana na kallon rumbu, bayana na kallon ƙasa, ƙafa ɗaya tana laluben wurin taka. Na juya kafin in sauko, yadda nake yi tun ina yarinya, yadda kowa ke yi, don wanda ya sauko tsani da kaya yana kallon gaba, da fuska zai isa ƙasa. Ban san na juya ba.

Kofur ya saki tsanin yana dariya har yana dafa gwiwa. Na ce in bai riƙe ba zan sako masa kwandon a ka. Da na sauko ya ce, "Ni benen bariki na zana, wanda na yi shekaru ina sauka da gudu in an busa ƙaho. Su kuwa ba su taɓa sauka daga bene ba. Sun ga mutum da dami a bakin abu mai tsayi, sai su juya shi, don kada ya faɗi. Tausayinsa suke ji." Ni na ga yatsan, ban san dalili ba. Shi ya san cikin injin, bai ga yatsan ba. Sai da rumbun yayansa ya haɗa mu.

A hanya muka yi gardama. Ni na ce a sake zanen, a kwantar da matakalar ta yi kama da gangare, kowa ya sauka da gaba a huta. Shi ya ce a'a, ba yaran za a gyara ba, Mai Dami za a koya wa. Nasa aka bi, kuma nasa ne daidai.

Ga abin da ya yi. A bakin matakala, in ka taɓa baya, Mai Dami ya juya kawai, ba ya yin taku. In ka danna ƙasa daga nan, ya sauko da baya, a hankali, fuskarsa na kallon sama. Wanda kuma ya danna gaba ko ƙasa kai tsaye, ya gangara da gaba yadda yake yi da. Abin bai zo da sauƙi ba. Da farko yana saukowa da baya amma ƙafafunsa na tafiyar gaba, kamar mai rawa. Daga baya in ka kai duka a tsakiya sai ya juya ya faɗo. Muna cikin gwadawa na lura da wani abu: mai saukowa da baya sandarsa na fuskantar birai. Na ce a bar masa dukan. Kofur ya ce to ai sai a rage masa sauri, kada abin ya yi arha. Haka aka yi. Mai saukowa da gaba ya fi sauri, amma bayansa a buɗe yake. Mai saukowa da baya ya fi jinkiri, amma yana iya kare daminsa.

Saura Audu. Na aika masa bai zo ba. Na tare shi da kaina a bakin titi, na ce ya kai ni shago. Da muka isa na zare makullin babur na sa a ɗaurin zane.

"Haba Mama, ina da fasinja."

"Ni ce fasinjar. Zauna."

Ya zauna yana gunaguni. Yaran da suka rage suka matso, Alhaji ma ya leƙo daga tiredarsa don ya ji hayaniya. Ba mu gaya wa Audu an canza kome ba. Ni ban kalli allo ba, yatsansa na kalla. Ya haye rafi, ya hau dutse, ya iso wurin. Yatsa ya taɓa baya. Ya danna ƙasa. Na ga kafaɗarsa ta ɗaga tana jiran durƙuso, sai na ga ta sauka. Yatsan dama ya fara dukan madanni, yara suka ɓarke da ihu, wani yana cewa, "Ba shi! Ba shi a ka!" Da ya isa ƙasa da daminsa, ya ajiye fad a cinya, ya kalli Kofur.

"Yanzu ya yi hankali," ya ce. "Da can mutumin naku bai taɓa shiga rumbu ba."

Bai nemi makullinsa ba sai da rana ta yi sanyi.

Kafin a koma makaranta, bencin ya cika har ana zama a dakalin Alhaji ana jiran layi, ana shan ruwan ledarsa. 'Yan bariki suka dawo su ga abin da ake yi wa ihu, sai ga su suna roƙon yaran Dabai su nuna musu yadda ake juyawa, don saukar gaba ba ta tsira da dami in birai sun yi yawa. Alhaji bai sake tayar da maganar ba. Wata safiya dai na ga tela yana shigar da kekensa wani shago a ƙarshen layi, ya ɗaga mini hannu, na ɗaga masa. Shi ya yi ta ɗinka mini labulen ƙofa bayan haka.

Na sayi sababbin akwatuna daga baya, har da na ƙwallo, amma kwamfutar Kofur ba ta bar kusurwarta ba sai da waya ta zo ta kwashe yara daga kowane shago, nawa da na tasha. Wasu wasannin ya ƙara ƙerawa, kuma ko ɗaya bai taɓa cewa ya gama ba sai na zauna a kujerata na kalli hannu. Da wannan sana'a na ciyar da gida, na sa uwar Rahila a makaranta. Na gode wa Allah, na gode wa Malam Garba da bai karɓi fad ɗin nan ba, da Alhaji da ya ba ni wa'adin hutun makaranta guda, da Kofur, wanda har ya bar duniya ban faɗa masa a fuska cewa yana da amfani ba, don kada kansa ya kumbura.

Kai kuma mai tabarau, in kun zana matakalarku, kada ku gwada ta a junanku, ku duka kun san bene. Ku kawo wayar gidana ranar kasuwa. Zan samo muku wanda ya taso daga kan dutse. Ku ba shi, kada ku ce masa kome, ku ajiye mini kujera a gabansa.